Artane, rage magani ko sauya shi: zaɓin da ya dace idan magani ya taɓa motsin jiki

A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, da wuya ka shiga gidan da ake jinyar mai taɓin hankali ka tarar ba su san ƙaramar ƙwayar nan Artane ba. Ita ce benzeksol. Da zarar an ga jikin mara lafiya ya canza, ko wuya ya murɗe, ko hannu na rawa, ko baki na motsi, shawarar da ake fara ji ita ce a ba shi Artane. Wani lokaci shawarar tana kan hanya. Saurayi ɗan shekara 19 da aka yi wa allurar Haldol jiya, yau ya wayi gari wuyansa ya karkace, idanunsa sun kafe a sama, harshe ya cika masa baki, wannan Artane da danginta za su kwance shi cikin awa guda. Amma gyatumar da ta shekara goma tana shan Largactil, bakinta na taunawa kamar mai cin goro alhali ba komai a ciki, ita Artane ƙara mata ciwon take yi. Ƙwaya ɗaya ce, ta warkar da wancan, ta cuci wannan.

Hanyoyin da ke gaban likita da iyali uku ne: a ƙara wani magani da zai kashe illar, a rage yawan maganin da ya jawo ta, ko a sauya shi da wani. Ba a iya zaɓa tsakaninsu sai an amsa tambaya biyu. Yaushe abin ya fara, idan aka ƙirga daga ranar da aka fara maganin ko aka ƙara shi? Kuma wane irin motsi ne: murɗewa, kasa zama, sanƙarewa, ko motsin da mutum ba ya ma sanin yana yi?

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Magungunan taɓin hankali, tun daga Largactil da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952 da haloferidol, wato Haldol, da aka haɗa a Beljiyam a 1958, suna aiki ne ta hanyar toshe wurin da sinadarin dofamin ke sauka a ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce dofamin ba tunani kaɗai yake riƙe da shi ba. Shi ne kuma ke sa motsi ya tafi sumul, yana daidaita da wani sinadarin, asetilkolin, kamar ma'aunin sikeli. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa maganin kan fara aiki idan ya toshe kimanin kashi 65 cikin 100 na waɗannan wurare, illar motsi kuma kan bayyana idan toshewar ta haura kusan kashi 80. Tazarar ba ta da faɗi. Shi ya sa ƙarin 'yan miligiram kaɗan kan mai da mutumin da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa ya koma yana jan ƙafa yana dalalar da yawu.

Artane tana danne asetilkolin ne don sikelin ya daidaita. Inda matsalar rinjayen asetilkolin ce, tana aiki. Inda matsalar wani abu ce daban, sai dai ta bar mutum da bushewar baki a banza.

Murɗewar gaggawa

Likitoci na ce mata distoniya. Takan zo cikin awanni zuwa kwana biyar na farko, ta fi kama samari da yara, kuma ta fi zuwa da magunguna masu kaifi irin su Haldol da allurar wata ta Modecate. Wuya ya murɗe gefe ko baya, muƙamuƙi ya ƙulle, harshe ya fito, ido ya juya sama, wani har bayansa ya lanƙwashe. Tana da zafi, tana da ban tsoro, kuma a gidajenmu sau da yawa abin da ake fara cewa shi ne iska ce ta buge shi, ko farfaɗiya. A lura da abu uku. Mai distoniya yana cikin hayyacinsa, yana jin ka, yana ƙoƙarin amsawa ko da maganar ba ta fita sosai, saɓanin mai farfaɗiya. Ba shi da zazzaɓi, saɓanin mai sanƙarau. Kuma idan ka bincika za ka ji an ba shi sabon magani ko allura a 'yan kwanakin nan.

A nan ba wata doguwar muhawara, maganin kashe illa shi ne zaɓi, kuma allura ta fi ƙwaya. Ga babba, benzatirofin miligiram 1 zuwa 2, ko furosaikilidin 5 zuwa 10, a tsoka ko a jijiya, kan saki mutum cikin minti biyar zuwa talatin. Inda babu su, ma'aikatan lafiya kan yi amfani da Phenergan miligiram 25 zuwa 50 a tsoka, ko Valium 5 zuwa 10 a jijiya a hankali, ana duba numfashi. Ƙwayar Artane ta miligiram 2 zuwa 5 ma tana yi, amma takan ɗauki kusan awa guda, kuma wanda harshensa ya karkace ba lallai ya iya haɗiya ba. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a wannan hali, zai iya shaƙewa. Idan aka ji numfashinsa na fita da ƙara, ko muryarsa ta shaƙe, to murɗewar ta kai maƙogwaro, wannan kuma na iya kisa. A nemi mota nan take, ko a kira 112.

Kuskuren da aka fi yi bayan an samu sauƙi shi ne a koma gida hannu rabbana. Allurar ceto takan bar jiki kafin maganin da ya jawo matsalar ya bar shi, sai wuyan ya sake murɗewa da dare. Don haka ake ci gaba da ƙwayar kwana biyu zuwa uku, idan kuma allurar wata ce ta jawo, ya fi haka tsawo, domin ita ba a iya zaro ta daga tsoka. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake fara Modecate da ɗan gwaji na miligiram 12.5, tsofaffi rabin haka, a jira kwanaki kafin a ba da cikakkiya.

Kasa zama

Wannan ita ce aka fi kasa ganewa, kuma a ganinmu ita ta fi azabtar da mai ita. Sunanta akatisiya. Mutum yana jin wani ƙaiƙayi daga ciki, musamman a ƙafafu, wanda ba ya lafawa sai ya motsa. Ba ya iya zama har liman ya gama huɗuba. Ya shiga tirotiro daga Kejetia, kafin a kai rabin hanya ya ce a sauke shi. Yana tsaye yana taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsaye a kan yashi mai zafi, da dare yana zagaya tsakar gida. Idan ka tambaye shi zai ce maka ji yake kamar ya fita daga fatarsa.

Iyali kan koma asibiti su ce ciwon ya tashi. Idan mai dubawa bai tsaya ya tambayi mara lafiyan da kansa ba, sai a ƙara maganin, abin ya ninka. Akatisiya mai tsanani tana jefa mutum cikin tunanin kashe kansa, kuma tana cikin manyan dalilan da ke sa mutane su watsar da magani gaba ɗaya. Tambayar da ke rarrabewa mai sauƙi ce: tunani ne ke damun ka, ko jikinka ne ya ƙi zama? Takan fara cikin kwanaki zuwa 'yan makonni bayan sabon magani ko ƙari. Haldol na kawo ta, amma sabon maganin nan arififirazol, wato Abilify, shi ma ya shahara da ita, haka wasu magungunan damuwa irin su Prozac a makonnin farko.

Artane ba ta da ƙarfi a nan, sai dai idan akwai sanƙarewa tare. Zaɓi na farko shi ne rage maganin. Idan ba zai yiwu ba, ko ana neman sauƙi kafin ragin ya nuna, akwai abu uku. Furofaranolol, wanda aka sani da Inderal, ana farawa da miligiram 10 sau biyu ko uku a rana, a ɗaga a hankali zuwa 30 har 80 a yini. Yana da araha, ana samun sa, amma haramun ne ga mai asma, kuma sai an auna bugun zuciya da hawan jini kafin a fara da kuma bayan kowane ƙari. Mirtazafin miligiram 15 da dare ya dace da mai asma ko wanda barci ya ƙaurace masa, sai dai yana buɗe ciki ya ƙara ƙiba, kuma idan aka ɗaga shi sama da haka zai iya kawo abin da ake gudu. Na uku dangin Valium ne, kamar Rivotril rabin miligiram zuwa 2. Suna saurin kawo sauƙi, amma jiki na sabawa da su, don haka na 'yan makonni ne kawai, kuma ba su dace da direba, mai tuƙa faragiya, ko tsohon da ke iya faɗuwa ba.

Sanƙarewa da rawar jiki

Wannan tana kama da ciwon Fakinsin, shi ya sa ake kiran ta Fakinsin na magani. Takan shigo a hankali cikin makonni zuwa wata uku, ta fi kama tsofaffi da mata. Fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai, ƙiftawar ido ta ragu, hannuwa su daina lilo wajen tafiya, taku ya gajarce. Tashi daga sujada ya zama aiki, saka maɓallin riga ya ɗauki minti biyar, yawu na zuba a gefen baki. Yawanci ɓangarorin jiki biyu takan kama daidai, alhali Fakinsin na asali ya fi farawa daga gefe ɗaya. Wani abin takaici shi ne iyali kan ɗauki wannan shirun a matsayin sauƙi, su ce ai yanzu ya natsu, alhali ɗaure shi maganin ya yi.

A nan ne hanyoyin uku ke gogayya da gaske.

Artane tana aiki, musamman a kan rawar hannu da taurin gaɓoɓi. Ana farawa da miligiram 1 zuwa 2, a ɗaga a hankali, yawanci ba a wuce 5 zuwa 15 a yini, a rarrabe. Ga matashi mai ƙoshin lafiya da maganinsa ya karɓe shi, ba a son taɓa shi, wannan zaɓi ne mai ma'ana na ɗan lokaci. Amma kuɗin da jiki ke biya ba kaɗan ba ne: bushewar baki, taurin bayan gida, gani dishi-dishi har karatun Alƙur'ani ya gagara, bugun zuciya da sauri, da mantuwa. Ga dattijo mai kumburin furostet tana iya tsayar da fitsari cak. Ga mai wani nau'in hawan jinin ido tana iya tayar da shi. Ga wanda ya haura 65 tana iya rikita shi har a zaci ruɗewar tsufa ce. Tana kuma rage gumi, abin da ke da haɗari ga mai aiki cikin rana a watannin Fabrairu da Maris, ko mai azumi, ko mai tsayuwa a bakin wuta tana tuƙa tuwo. Sannan tana da ɗan maye, akwai matasan da ke shan ta don wannan, shi ya sa bai kamata a bar ta a inda kowa zai kai hannu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a riƙa haɗa ta da maganin taɓin hankali kai tsaye don rigakafi, sai idan illar ta bayyana, kuma na ɗan lokaci. Duk wanda ya kai wata uku a kanta ya cancanci a sake dubawa ko har yanzu yana bukata. Da yawa ba sa bukata. Amma janye ta sai a hankali cikin makonni, domin yankewa farat ɗaya na kawo tashin zuciya, gumi, rashin barci da dawowar taurin da ƙarfi.

Amantadin, miligiram 100 sau ɗaya ko biyu a rana, shi ne madadin da ya fi dacewa da tsoho, ko wanda bakinsa ya riga ya fara motsi, domin ba ya lalata tunani kamar Artane kuma ba ya ƙara motsin bakin. A sha shi da safe da rana, na yamma na hana barci. Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka mai ciwon ƙoda sai an rage masa, kuma yana iya kumbura ƙafa ko ya ɗan tayar da gane-gane. Samun sa bai kai na Artane sauƙi ba.

Rage magani shi ne hanyar da muka fi fifitawa idan mara lafiya ya daɗe cikin natsuwa, domin tana cire tushen matsalar ba tare da an ƙara ƙwaya ba, kuma ba ta cin ko sidi ɗaya. Mutane da yawa suna kan adadin da aka ɗora su a ranar da aka kawo su a ɗaure, shekaru sun wuce ba wanda ya sake dubawa. Yawancin manya haloferidol miligiram 2 zuwa 10 a yini ya ishe su, risferidon kuma idan ya haura 6 yakan koma kamar tsofaffin magunguna irin su Haldol da Largactil wajen sanƙarar da jiki. Ana ragewa kaɗan kaɗan, misali kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin huɗu, a jira makonni a gani. Idan allurar wata ce, a rage yawanta ko a tsawaita tazara, kuma a sani sakamakon ba zai nuna ba sai bayan wata ɗaya zuwa uku. Haɗarin a fili yake, ciwon na iya dawowa. Shi ya sa ake so iyali su san alamun farko na mutumin nasu, wanda sau da yawa rashin barci ne, su dawo da wuri. Ragin da aka yi a gida ba da sanin mai dubawa ba, ko shan magani yau a bari gobe, ba ya cikin abin da muke magana.

Sauya magani ya dace idan ragi ya dawo da ciwo, ko idan illar ta ƙi tafiya. Olanzafin, miligiram 5 zuwa 20, ba ya yawan sanƙarar da jiki, kuma shi aka fi samu, amma yana sa ci da ƙiba, yana tura mutum ga ciwon sukari. Wanda za a ɗora a kansa a auna nauyinsa, ƙugunsa da sukarinsa kafin a fara, a sake bayan wata uku, sannan duk shekara. Kwetiyafin ya fi shi sauƙi a kan motsi, sai dai barci da jiri idan an miƙe tsaye. Abilify ba ya ƙara ƙiba sosai, amma ga wanda ya taɓa fama da kasa zama ba shi ne na farko ba. Sauyin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, ana sauke tsohon ana ɗaga sabon. Kafin a yanke shawara a yi tambayar da ake yawan tsallakewa: za a iya sayen sabon duk wata, kuma ana samun sa kullum? Tsohon magani a ƙaramin adadi da ake sha ba fashi ya fi sabo mai tsada da za a sha wata biyu a rasa na uku. Haka kuma wanda allurar wata ce ta riƙe shi saboda ba ya yarda da ƙwaya, mai da shi kan ƙwaya na iya zama asara.

Bayan an cire maganin da ya jawo, sanƙarewar kan tafi cikin makonni zuwa watanni. Idan ta haura shekara, ko tana ƙaruwa, akwai yiwuwar Fakinsin na asali ne maganin ya tono, sai a nemi likitan jijiyoyi.

Motsin da ke zuwa a makare

Tadib diskaineziya ke nan, ciwon gyatumar da muka ambata. Ba ya zuwa sai bayan watanni ko shekaru, aƙalla wata uku, ga tsofaffi ko wata guda ya isa. Baki na taunawa, leɓɓa na tsotsa, harshe na leƙowa yana komawa ko yana tura kunci, ido na yawan ƙiftawa, yatsu na motsi kamar mai jan carbi. Yana ɓacewa idan mutum ya yi barci, yana ƙaruwa idan hankalinsa ya tashi. Sau da yawa mai shi bai sani ba, sai 'ya'ya sun lura, ko ta daina zuwa suna da biki saboda kallon da ake mata. Da tsofaffin magunguna, kimanin mutum 5 cikin 100 na manya kan kamu duk shekara, ga tsofaffi adadin ya ninka haka sau da yawa. Sababbin magunguna sun rage haɗarin, ba su kawar da shi ba. Mai ciwon sukari, macen da ta daina al'ada, da wanda ya sha fama da sanƙarewa tun farko sun fi shiga haɗari.

Wannan ciwo yana da yaudara. Idan aka ƙara maganin da ya jawo shi, motsin kan lafa na ɗan lokaci, domin an rufe shi ne, ƙarƙashi kuma yana ci. Idan aka yanke maganin farat ɗaya, motsin kan tsananta na makonni. Sai mutane su yanke hukunci a juye, su ce ai maganin ne ke hana shi. Ga shi kuma ba kowa ke warkewa ba ko an daina, musamman idan an daɗe ba a gano ba.

Matakin farko shi ne a janye Artane a hankali idan ana shan ta, a koma amantadin idan sanƙarewa ta hana. Na biyu a tambaya ko har yanzu ana bukatar maganin asali. Wanda aka ba Largactil don rashin barci, ko Maxolon don amai, ba shi da dalilin ci gaba. Mai ciwon da ba zai zauna ba magani ba, sai a duba sauyi. Kulozafin shi ne ya fi kowanne sauƙi a wannan fanni, har yakan rage motsin, amma yana da sharuɗɗa masu nauyi. Yana iya kashe fararen ƙwayoyin jini a kusan mutum 1 cikin 100, don haka a tsarin Ingila ana gwajin jini duk mako har mako 18, sannan duk mako biyu har shekara, sannan duk wata. Zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro a kansa na nufin gwajin jini a ranar. Taurin bayan gida a kansa na iya toshe hanji. Idan aka yi fashin sama da awa 48, sai an koma farawa daga miligiram 12.5. Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: yawancin mutanen Afirka ta Yamma fararen ƙwayoyin jininsu na nutirofil a halitta sun ɗan yi ƙasa da ma'aunin Turawa ba tare da wata cuta ba, don haka a auna tun kafin a fara, kada a hana mutum magani a kan lambar da ita ce daidai gare shi. Inda kulozafin ba zai yiwu ba, kwetiyafin ko olanzafin ne ake komawa.

Magungunan da ake bayarwa musamman don wannan ciwo su ne Ingrezza da Austedo, waɗanda Amurka ta amince da su a 2017. Na farko ana shan miligiram 40 sau ɗaya a rana, bayan mako a koma 80. Na biyu ana farawa da 6 sau biyu a rana tare da abinci, ba a wuce 48. Suna rage motsin sosai, amma idan an daina yakan dawo cikin makonni, kuma tsadarsu da wuyar samunsu sun fitar da su daga lissafin yawancin gidajenmu. Yayansu tetrabenazin ya fi araha. Ana farawa da miligiram 12.5, a ƙara duk mako, amma yana iya kawo baƙin ciki mai tsanani, barci, da sanƙarewa, don haka bai dace da mai tarihin yunƙurin kashe kansa ba. Rivotril na ɗan taimakawa na 'yan watanni.

Togiya ɗaya ce a kan hana Artane. Akwai nau'in da ke zuwa a makare amma da siffar murɗewa, wuya na ja baya ko ido na rufewa da ƙarfi, ya fi kama samari. Wannan kam Artane na iya taimaka masa, haka allurar Botox a tsokar da ta murɗe, wadda ake maimaitawa kusan duk wata uku.

Da yake gano shi da wuri ya fi duk waɗannan amfani, ga gwajin da ma'aikata ke yi, kuma iyali na iya lura da shi. A cire goro ko cingam, a tabbatar haƙoran roba ba su ne ke damun baki ba. Ya zauna, hannuwa a kan gwiwa. Ya buɗe baki a kalli harshe a kwance, ya fito da shi, sau biyu. Sannan ya riƙa taɓa babban yatsa da sauran yatsu da sauri na daƙiƙa goma zuwa sha biyar, kai kuma fuskarsa da ƙafafunsa kake kallo, domin a lokacin da hankalinsa ke kan yatsu ne ɓoyayyen motsi ke fitowa. A yi haka duk wata shida ga mai tsohon magani ko tsoho, duk shekara ga sauran.

Zazzaɓi da taurin jiki

Akwai hali ɗaya da ba a zaɓi a cikinsa. Mai shan waɗannan magunguna ya yi zazzaɓi mai zafi, jikinsa ya yi tauri kamar itace, ya rikice, gumi na karyo masa, zuciya na gudu, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa. A wurinmu kowa zazzaɓin cizon sauro zai fara zato, kuma ko gwaji ya nuna akwai shi, hakan bai kore wannan ba. A tsayar da maganin, kada a ba da Artane domin tana hana jiki fitar da zafi, a shafa masa ruwa, a garzaya babban asibiti irin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, a faɗa wa masu karɓa sunan maganin da ranar allurar ƙarshe tun a bakin ƙofa. Ƙarin ruwa, sanyaya jiki da kula da ƙoda su ne jigon jinya. Ba a komawa maganin taɓin hankali sai bayan aƙalla mako biyu da warkewa, a ƙaramin adadi, da wani iri daban.

Waɗanda ba na ƙwaƙwalwa ba

Ba sai mai taɓin hankali ba. Maxolon da Stemetil da ake bayarwa don amai suna toshe dofamin su ma, kuma su ne sukan murɗe wuyan yaro ko budurwa bayan allura ɗaya. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita Maxolon ga kwana biyar, miligiram 30 a yini ga babba, ta hana shi ga jariri ɗan ƙasa da shekara. Stugeron da tsofaffi ke sha wata da watanni don jiri na kawo sanƙarewa. Amodiyakwin da ke cikin ɗaya daga haɗin maganin zazzaɓin cizon sauro na iya fito da harshe ko murɗe wuya, abin da aka gani a Ghana a tsakiyar shekarun 2000 lokacin da aka koma wannan haɗin. A duk waɗannan zaɓin mai sauƙi ne: a kwance murɗewar, a daina maganin, a ba da madadi. Mai zazzaɓi a ƙarasa masa jinya da wani haɗin kamar Coartem, kada a bar shi rabi. Rawar hannu zalla kuma na iya zuwa daga Ventolin na asma, Epilim na farfaɗiya, ko litiyam na masu ciwon sauyin yanayin rai. Mai shan litiyam da rawar hannunsa ta yi ƙarfi, ga gudawa da tangaɗi, musamman cikin azumi ko bayan amai, guba ce ta taru, asibiti a ranar. Taramol idan ya haɗu da maganin damuwa na kawo fizgar tsoka, gumi da zazzaɓi.

Asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Accra, Pantang da Ankaful, duk suna kudu, don haka mutumin Kumasi da sashen ƙwaƙwalwa na Komfo Anokye da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin gunduma yake hulɗa, kuma layi kan yi tsawo, ganawa ta yi gajarta. A je da kayan aiki. A zuba duk magungunan gida a leda, har na kemis da na gargajiya, da katin allurar wata. A rubuta ranar da aka fara kowanne da ranar da aka fara ganin motsin. Da izinin mara lafiya, a ɗauki bidiyon minti ɗaya a waya lokacin da abin ke faruwa, domin sau da yawa yakan lafa a gaban likita. Wanda Maxolon ko amodiyakwin ya taɓa murɗewa, a rubuta sunan maganin a takarda a haɗa da katinsa na inshorar lafiya, ya nuna duk inda za a yi masa allura.